Ranar da Aka Yaye Rufin Ɗakin Baba

Ruwan farko na daminar nan ne ya nuna mana rufin gidanmu ya gama aiki. Da ma yana yoyo, amma irin wanda roba ɗaya ke tarewa. A wannan karon silin ɗin ɗakin Baba ya sha ruwa har ya yi ciki, ya soma zuba daidai kan gadonsa. Baba kuwa ba ya iya matsawa da kansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kuma bai daɗe da tashi daga ciwon ƙirji ba. Da za a sallame mu daga asibiti likita ya ja mana kunne cewa kada mu bari sanyi ya sake kama shi.

Gidan yana Sharada, a wani lungu bayan katangar kamfanin roba. Baba ne ya gina shi lokacin yana aiki a masaƙa a Bompai, kafin a rufe ta. Ɗakinsa na gabas, sai ciki da falo a yamma, duka ƙarƙashin rufi guda. Bayan rasuwar mahaifiyata ni da maigidana muka dawo gidan da yaranmu don mu riƙa kula da shi, muka zauna a ciki da falon.

Maigidana yana aiki a kamfanin jima a Challawa. Shi ya kawo kafinta, wani dattijo mutumin Jigawa, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya son yawan magana. Ya hau sama ya zagaya, ya sauko ya ɓalle silin guda a falo ya leƙa da fitilar waya, ya ƙwanƙwasa katakon da guduma. Ya ce katako na da rai, kwano kawai za a sauya. Idan an fara da sassafe, shi da abokin aikinsa za su rufe kafin la'asar. Aka sayo kwano da ƙusa, aka kai yara gidan ƙanwar maigidana a Dorayi, muka tattara kayan gidan kaf muka cusa a ɗakin ciki har bakin ƙofa.

Maigidana ya so ya ɗauki hutun ranar, bai samu ba, don wanda zai riƙe masa aiki yana kwance ba lafiya. Kafin ya fita, shi da kafintan suka ɗauko Baba a kan katifarsa suka shimfiɗe shi a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar zana da ke jikin darbejiya. Na roƙi Baba a kai shi gidan maƙwabta ya wuni, ya girgiza kai. Mutum ne mai kunya, ba ya son kowa ya ga ana gyara shi ban da mu. Maigidana ya cire fis ɗin wuta saboda wayoyin da suka bi ta cikin silin, ya dubi sama, gari tas. Ya tuna mini cewa a wurin aikinsu ana kulle waya a loka, wato akwatin ajiyar ma'aikata, ba zan same shi ba sai an tashi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Suka fara cire tsohon kwano daga yamma suna tahowa gabas. Ina zaune gefen Baba ina ba shi koko da cokali, ƙarar ƙusa na fita daga katako tana cika gidan. Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ƙarar ta tsaya. Na ji su suna magana ƙasa-ƙasa a saman ɗakin Baba, sai kafintan ya sauko daga tsani da guntun katako a hannu.

"Hajiya, zo ki ga wani abu."

Ya matse katakon da yatsu biyu, ya rududduge kamar busasshen burodi. Cikinsa duk ƙasa ce da hanyoyin gara.

"Daga ina wannan, Malam?"

"Kan ɗakin Baba. Duk katakon wajen haka yake. Inda ruwa ya daɗe yana zuba, nan gara ta zauna. Na falo da na duba lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ban yi zaton haka ba."

"To yanzu ya za a yi? Ku mayar da tsohon kwanon mana, mu jira maigidan."

"Ba abin da zai riƙe ƙusa. Da ma tsatsa da nauyinsa ne suka riƙe shi a wurin. In na ɗora shi haka, iskar farko za ta ɗauke shi ta jefa cikin lungu, ga yara na wucewa. Ko dai a sayo sabon katako yanzu, ko ɗakin ya kwana a buɗe."

Na kira wayar maigidana duk da na san ba zai ɗauka ba. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na koma na durƙusa gaban Baba na nuna masa katakon, na faɗa masa yadda ake ciki. Ya daɗe yana kallon guntun a tafin hannuna. Ya motsa baki, kalmar ta ƙi fita, ya sake gwadawa.

"Sabo," ya ce.

"A sayo sabo, Baba?"

Ya lumshe ido alamar eh.

Abokin aikin kafintan ya tari mai kurkura, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka nufi 'yan katako a Na'ibawa. Kafintan ya bi shi har ƙofar gida yana jaddada masa ya zaɓi busasshe miƙaƙƙe, kada a haɗa shi da ɗanye, don ɗanyen katako yana bushewa ya murɗe ya ja kwano ya buɗe. Ya ce ya haɗo da langa-langa na ɗaure rufi, da galan na baƙin mai daga wurin makanike.

Ya rage shi kaɗai a sama. Ya fara shimfiɗa sabon kwano daga ƙarshen yamma. Na ce masa me zai hana ya fara da falo, tunda nan ne kawai katifar Baba za ta iya shiga. Ya ce iskar hadari daga gabas take zuwa, don haka daga yamma ake farawa, kowane falle ya hau kan na bayansa, bakin haɗin ya juya wa iska baya. In aka fara daga tsakiya, ruwa zai riƙa kutsawa ta haɗin har ƙarshen rayuwar rufin. Na koma wurin Baba.

Aikin mutum biyu ne, shi kaɗai yake yi. Ya sauko ya jingina falle a bango, ya hau ya jawo shi, ya daidaita, ya buga ƙusa a kan tudun kwanon, ya sake saukowa. Zuwa azahar bai gama rufe ɗakin ciki ba. Garin ya ɗauki wani irin zafi mai danƙo, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Warin robar da ake narkawa a kamfani ya sauko ya zauna a tsakar gida. Ina yi wa Baba fifita, gumi na bin wuyansa. Duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da irin wannan zafin ke jawowa.

Na idar da salla na leƙa ta saman katanga. Can gabas, ƙasa-ƙasa, sama ta soma yin baƙi.

Na kira abokin aikin kafintan. Ya ce sun lodo katako tun ɗazu, amma wata tirela ta lalace a gicciye a kan hanyar shigowa Sharada, motocin kamfanoni sun cushe gaba da baya, kurkura ba ta da inda za ta bi da dogon katako. Na ɗaga kai na faɗa wa kafintan. Ya dubi gabas, ya zuba ƙusa a baki ya ci gaba da bugu.

Jim kaɗan ya ce, "Hajiya, ni kaɗai ba zan rufe falon nan kafin ya iso ba. A samo mini hannu."

Mazan lungunmu duk suna wurin aiki ko kasuwa. Waɗanda suka rage su ne 'yan gidan haya na kusa da mu, ma'aikatan kamfani masu aikin dare, mutanen ƙauyukan Jigawa da na Nijar, da ke kwana jere a ɗakuna. A wannan lokacin barci suke yi. Tun da muka dawo unguwar ban taɓa yi wa ɗayansu magana ba, in mun haɗu a lungu sukan raɓe su ba ni hanya. Na saka hijabi na fita. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama, shiru. Na sake yi, shiru. Sai na ɗauki dutse na buga ƙyauren ƙarfen da ƙarfi.

Wani dogo ya fito yana murza ido, ya gan ni ya ja da baya.

"Lafiya, Hajiya?"

"Ku yi haƙuri na tashe ku. An yaye mana rufi, mahaifina na kwance a tsakar gida ba ya iya tashi, ga hadari. Kafinta na neman masu miƙa masa kwano."

Ya dubi sama, ya koma ciki. Na ji yana bubbuga ƙofofi. Kafin in kai gida sun biyo ni, wasu da silifa wari-wari, wani yana saka riga a hanya. Kowa ya shigo sai ya rusuna ya gaida Baba kafin ya nufi tsani. Dogon nan, wanda harshensa ya nuna mutumin Nijar ne, ya tambayi kafintan me za a rufe ɗakin gabas da shi in katako bai iso ba. Kafintan ya ce sai dai tamfol. Dogon ya ce akwai direban babbar mota da ya sani yana jiran lodi a ƙofar kamfani. Ya fita da gudu.

Aiki ya soma sauri. Biyu na miƙawa, ɗaya na riƙewa a sama, kafintan na bugu. Aka gama ɗakin ciki aka shiga falo. Baƙin da ke gabas ya hauro ya kai rabin sama, ƙasansa ya yi ja. Aka kira la'asar a masallacin lungu, kusan lokaci guda jiniyar kamfani ta yi kuka. Sai ga kurkura a ƙofar gida. Ashe sauke katakon suka yi suka tsallakar da shi ta bayan tirelar a kafaɗa, suka sake samun wata kurkurar a ɗaya gefen.

Da na ga kafintan ya sauko ya buɗe galan ɗin baƙin mai, raina ya ɓaci.

"Malam, wane irin shafa mai kuma yanzu? Ku dubi sama mana."

"Shi ke hana gara, Hajiya."

"Garar ba yau za ta ci ba. Ruwan kuwa yau zai sauka."

Ya tsaya da tsumma a hannu yana dubana. Ya ce man zai iya jira, a shafa daga ciki kafin a saka sabon silin, amma bakin katakon da zai shiga cikin bulo sai an shafe shi yanzu, don in ya shiga ya shiga ke nan. Ɗaurin langa-langa ma ba zai tsallake ko ɗaya ba, ko da ruwan zai same shi a sama. Ya tsoma bakin katakon a mai ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa su sama. Abokin aikinsa ya ɓaɓɓalle ruɓaɓɓun yana jefowa ƙasa, suna faɗuwa suna tarwatsewa. Suka kafa manyan katakon da za su ɗauki nauyi, suka zagaye kowanne da langa-langa suka ɗaure shi da jikin gini.

Saura falle kaɗan a rufe falo iska ta fara. Da fari sanyi ne kawai ya taɓa fuskata, mai ƙanshin ƙasa. Sai ledoji suka tashi daga lungu suka yi sama.

Kafintan ya ɗaga murya, abin da bai yi ba tun safe. Ya ce kada kowa ya sake ɗaga kwano tsaye, duk fallen da ba a buga ba a kwantar da shi ƙasa a danne da bulo. Mutanen suka bazu suna dannewa. An manta da tsofaffin fallayen da aka jingina a bayan ɗakin Baba. Ina tsugune ina naɗe wa Baba bargo na ji wata ƙara a bayana kamar an yaga ƙarfe. Falle guda ya taso ya wuce ta saman kaina yana juyi, ya daki rumfar ya tsarge zanar gida biyu, ya maƙale a reshen darbejiya daidai saman katifar. Yana lilo, bakinsa mai tsatsa na kallon ƙasa.

Ban san lokacin da na kwanta a kan Baba ba. Ina jin numfashinsa a kunnena, da sauri da sauri. Wani ya kama fallen da hannu biyu ya ja shi gefe, wasu suka kama kusurwoyin katifar.

"Hajiya, tashi mu ɗaga shi."

"Falon bai rufu ba."

"Ɓangaren yamma ya rufu. Tashi."

Suka ɗauke shi da katifar gaba ɗaya. A bakin ƙofa katifar ta lanƙwashe, kan Baba ya gangara, na tallafe shi da hannu har muka shige. Aka ajiye shi a jikin bangon ɗakin ciki. Ta ramin silin ɗin da aka ɓalle ina hango sama, baƙi ƙirin, da ƙafar kafintan a kan katako. Yana durƙushe a kan falle yana danne shi da gwiwa, abokinsa ya kwanta a ɗaya gefen, guduma na sauka ba tsayawa.

Dogon ya iso da tamfol a ka, shi da yaron motar da ya taimaka masa ɗauka. Suka jawo shi kan sabon katakon ɗakin Baba, iska na cika shi tana neman ɗaga su. Suka ɗaure igiyoyinsa a ƙarfen taga da gindin darbejiya, suka jera bulo a gefensa. Ɗigon farko ya sauka a kan sabon kwano kamar an watsa tsakuwa. Kafintan ya buga ƙusar ƙarshe a fallen da ya rufe falo cikin ruwa, ya sauko jiƙe sharkaf, jini na bin hannunsa na hagu inda bakin kwano ya yanke shi. Na yage tsohon zane na ɗaure masa.

Ruwan ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Duka muka cushe a falo, mazan a tsaye a gefe guda, ni da Baba a ɗaya gefen. Inda sabon kwano ya ƙare tamfol ya fara, ruwa ya samu hanya yana gangarowa ta bangon gabas, ya soma malala a siminti yana tahowa wajen katifar. Na jera tsummokara na tare, suka jiƙe, na matse na sake jerawa. Na ɗauko wata ledar katifa da muka ajiye na lulluɓe Baba daga ƙirji zuwa ƙafa. Hannunsa mai lafiya ya kama bakin hijabina bai saki ba.

Abokin aikin kafintan ya leƙa ɗakin Baba ya dawo ya ce tamfol ya tara ruwa a tsakiya ya yi tumbi, in aka bar shi zai ja bulon da aka danne shi da su ya rufto da su. Kafintan ya tambaye ni ko akwai taɓarya. Na nuna masa kicin. Mutanen suka riƙa shiga bi da bi, mutum ya sa taɓarya ya tura tumbin sama, ruwan ya kwarara waje, kafin ya juyo ya sake taruwa. Haka suka yi ta yi. Tsawa ta faɗi kusa har gilashin taga ya amsa, Baba ya zabura, na ji yana karanta addu'a da harshensa mai nauyi.

Ana dab da magariba maigidana ya shigo yana tura babur, ruwa ya kashe masa shi tun daga Panshekara. Ya tsaya a ƙofar falo yana kallon baƙin fuskoki cike da ɗakinsa, da kafinta da hannu a ɗaure, da tamfol a inda ya bar rufi. Bai ga kiran da na yi masa ba sai bayan ya fito daga aiki, ya yi ta kira kuma ban ji ba.

"Baba fa?" ya ce.

Na ɗaga ledar. Ya durƙusa ya taɓa rigar Baba, ya taɓa bargon, ya taɓa katifar ta ƙasa. Gefe guda ya ɗan yi laima, sauran a bushe.

Ruwan ya tsagaita bayan an yi salla. 'Yan gidan hayar suka ce za su tafi, lokacin shigarsu aiki ya matso, ga shi ba su yi barcin kirki ba. Na dafa shayi da sauri, suka sha a tsaye suka fita cikin yayyafi.

Washegari gari ya waye da rana. Kafintan ya zo da hannunsa a naɗe, suka ƙarasa katakon suka rufe ɗakin Baba kafin azahar. Bai yarda a saka silin ba sai da ya shafe kowane katako da baƙin mai daga ciki, har na falo da na ɗakinmu, gidan ya yi kwanaki yana warin gareji. Ya kuma bar ƙaramar ƙofa a silin ɗin kowane ɗaki, ya ce a riƙa leƙawa da fitila kafin kowace damina. Baba ya yi tari na 'yan kwanaki, har da zazzaɓi a rana ta biyu, muka kai shi asibiti aka duba ƙirjinsa aka ce bai kama ba.

Tun daga lokacin duk wadda ta ce mini za su sauya kwano, nakan ce su sa a buɗe silin a kowane ɗaki, musamman inda ke yoyo, kafin a cire ko falle ɗaya. Katako ya zo ya kwana a gida kafin ranar aiki, a tanadi tamfol ko da a rani ne, tsohon kwano kuma ana saukewa a danne shi. Wasu sukan ji, wasu sukan ce ai kafintansu ya riga ya duba.

Da ɗakin ya bushe aka yi fenti, muka zo mayar da Baba, sai ya ƙi. Ya nuna ƙasa da yatsa, wato nan falo yake so. Daga inda katifarsa take yana ganin ƙofar gida da duk mai shigowa. Muka mayar da ɗakinsa na yara. A falon ya yi sauran zamansa, muka saya masa ƙaramar rediyo, ya koyi murɗa ta da hannun hagu.